Sayen motar hannu a Yamai: aikin da ake gamawa kafin a ga motar

Duk wanda ya bi manyan titunan Yamai, daga tsakiyar gari har hanyar filin jirgin sama, zai ga motoci a jere bayan shingen waya, an wanke su suna sheƙi, wasu ko lamba ba a saka musu ba tukuna, dillalai kuma na zaune a inuwa suna jiran mai tayi. Mai wucewa zai ɗauka cewa ga mai kuɗi a hannu, sayen mota a wannan gari aikin wuni ɗaya ne. Amma abin da aka saba gani shi ne mutum ya yi wata da watanni yana zarya. Yau ya ga mota ta kwanta masa a rai, kuɗinsa suna banki ba su fito ba. Gobe kuɗin sun fito, an riga an sallama wa wani. Jibi ya sami wata, makanikinsa ya yi tafiya. Daga ƙarshe gajiya ta sa ya sayi wadda ke gabansa, sannan ya fara tambayar takardu. Motoci ba su yi ƙarancin da zai jawo wannan jinkiri ba. Mai sayen ne ke kama aikin ta wutsiya: yana zuwa kallon mota alhali bai san iyakar kuɗinsa ba, bai tsayar da irin motar da yake nema ba, bai san takardun da zai tambaya ba, bai kuma ɗaure magana da wanda zai duba masa inji ba. A ganina, kallon mota shi ya kamata ya zo a ƙarshe, kuma wanda ya gama sauran ayyukan a gida shi kaɗai ke iya saye cikin kwana biyu ba tare da ya cuci kansa ba.

Kafin a ga dalilin haka, sai an san inda waɗannan motoci ke fitowa. Nijar ba ta ƙera mota, ba ta kuma da gaɓar teku. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a watan Oktoba na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018, Tarayyar Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufa. Shekara da shekaru, hanyar da ta fi ciyar da Yamai sananniya ce: a tara motoci a unguwar Heyvaert ta birnin Brussels, a loda su a jirgin ruwa a Antwerp, a sauke a Kwatano ta Benin, su kwana a manyan filayen motoci na bayan gari, sannan su kama hanyar arewa ta Parakou zuwa Malanville, su haye gadar kogin Kwara su shiga Gaya, su bi ta Dosso zuwa Yamai, tafiyar da ta ɗan haura kilomita 1,000. Wannan hanya ce ta raini dillalai da direbobi da masu fiton kaya a duwan, wato kwastan, ita ce kuma ta koya wa mutanen gari cewa mota ba ta ƙarewa: in ka rasa ta yau, wata na tafe mako mai zuwa.

Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya sauya wannan lissafi. Kwana huɗu bayansa ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakoki. An ɗage takunkumin a ranar 24 ga Fabrairu 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, amma hukumomin Yamai suka bar nasu a rufe bisa dalilan tsaro. 2024 ta ƙare, 2025 ta shigo, gadar Gaya ba ta koma aikinta na da ba. Kaya suka koma tashar Lome, suka ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori zuwa Tera, cikin ayari da rakiyar soja, inda jiran haɗuwar ayarin kaɗai kan ci makonni. Abin da wannan ya haifar ga mai sayen mota iri biyu ne, kuma dukansu suna goyon bayan mai shiri. Motar kirki da ta iso da takardunta cif ba ta daɗewa a fili, domin masu nemanta sun fi ta yawa. A lokaci guda kuma, ɗan kasuwar da ya kawo ta ya daɗe da kuɗinsa a ɗaure a hanya, ya biya sufuri mai tsada, yana ɗokin ya juya jarinsa. Mutum irin wannan zai fi sauƙin sallama wa wanda ya ce ga kuɗi yau, a kan wanda ya taya sama da haka amma ya ce a jira shi zuwa ƙarshen wata.

To sai dai kuɗin ma suna da nasu shiri, kuma a nan ne mafi yawan masu saye ke faɗuwa. Farashin da dillali ya faɗa ba shi ne abin da motar za ta ci ba. In ba a yi mata duwan ba, akwai kuɗin fito, akwai harajin TVA wanda a Nijar kashi 19 cikin ɗari ne, akwai ladan mai fiton kaya. Bayan haka ga kuɗin lamba da kart-giriz, wato takardar rajistar mota, ga binyet na shekara, ga bizit teknik, ga asurans wanda dokar inshora ta CIMA ta wajabta wa duk mai abin hawa, ga la'adar dillali. Sannan akwai kashin da babu wanda ke son ambata ranar ciniki: sauya baƙin mai, tayoyi, batir, gyaran na'urar sanyi, abubuwan da kusan kowace motar hannu ke nema a watanta na farko. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya kai sefa 42,000 kacal a wata tun daga Janairun 2024, mota tarin shekaru ce, ta adashe da sayar da fili ko dabba da taimakon ɗan'uwa na ƙasar waje. Wanda ya zuba wannan tari duka a hannun mai mota, ya bar kansa ba ko dala, zai ajiye ta a ƙofar gida yana kallo. Kamata ya yi mutum ya fara cire kuɗin takardu da na gyaran farko, abin da ya saura shi ne farashin motarsa, kuma kada ya kalli wadda ta wuce shi, komai kyanta.

Akwai kuma batun inda kuɗin suke kwance. Mutanen Yamai ba su manta da watannin takunkumi ba, lokacin da bankuna suka ƙayyade abin da mutum zai iya cira a rana, aka riƙa yin layi tun da asuba. Darasin bai tsufa ba: miliyoyin da ke rubuce a asusu ba su zama kuɗin ciniki ba sai ranar da za a iya miƙa su. Mai shiri yana zuwa bankinsa tun da wuri ya tambayi yadda zai cire ko ya tura adadi mai yawa da kwanakin da hakan zai ɗauka. In ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita ko Amana za a biya, ya san iyakarsu da cajinsu. In bashi zai ci, ko na albashi ko na murabaha a bankin Musulunci, ya gama cika takardun kafin ya fita neman mota, domin amincewar banki ba ta zuwa da saurin da dillali ke so. Wanda kuma ke tunanin a yo masa oda daga waje, yana da kyau ya tuna cewa sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, don haka farashin Turai ba ya motsi a tsakanin biya da isowa, amma na Amurka da Dubai yana bin dala, yana hawa yana sauka.

Na fi ba takardu muhimmanci a kan inji, kuma na san masu son mota ba za su ji daɗin haka ba. Inji in ya lalace ana gyarawa ko a sauya. Motar da takardunta suka lalace kuwa tana iya ƙarewa a harabar duwan ko ta ƴan sanda, mai ita na da rasit amma ba shi da mota. Tarihin kasuwar ne ya sa wannan haɗari ya yi yawa a Nijar. Shekaru da dama ƙasar ta kasance mashigar motocin da aka rubuta cewa wucewa kawai za su yi, su bi ta Birnin Konni ko Maraɗi su faɗa Najeriya. Da Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairu 2017, wannan ciniki ya girgiza, amma bambancin da ke tsakanin motar da aka yi wa cikakken duwan don ta zauna a Nijar da wadda ke da takardar wucewa kawai yana nan, kuma ido ba ya ganinsa a jikin fenti. Haka nan Yamai gari ne na ofisoshin jakadanci da ƙungiyoyin agaji, waɗanda motocinsu ke shigowa da rangwamen haraji. Ranar da irin wannan mota ta koma hannun ɗan gari, kuɗin duwan da aka ɗage suna dawowa, kuma sau da yawa arhar da ta ja mai saye ita ce daidai abin da zai biya daga baya. An kafa Guichet Unique Automobile du Niger a zamanin Shugaba Mahamadou Issoufou, ƙarƙashin kamfanin SONILOGA, don a tattara aikin duwan da rajista da lamba a wuri ɗaya. Ko me mutum zai ce game da tsadar wannan tsari, wanda ya je ya tambayi matakai da kuɗaɗen tun bai sayi komai ba ya fi wanda ya fara sanin ƙofar ofishin da mota a bayansa.

Ita kuwa motar da ta riga ta yi yawo a gari, tambayarta ta farko ita ce sunan wa ke kan kart-giriz. Ba abin mamaki ba ne mota ta wuce hannu uku ko huɗu sunan mai ita na farko bai sauya ba, kowa na riƙe da ƴar takardar sayarwa daga wanda ya gabace shi. In na farkon ya rasu, ta zama maganar magada. In ya bar ƙasar, sa hannunsa ya zama abin nema. Wanda ya san wannan tun daga gida, tambaya ɗaya a waya ta ishe shi ya soke tafiya, ya tsira da wuninsa.

Lambar shasi ita ce makamin da mai saye na yau ke da shi wanda iyayensa ba su samu ba. Tun 1981 mafi yawan motoci ke ɗauke da lamba mai haruffa da alƙaluma 17, a ƙasan gilashin gaba da jikin ƙofa da kan takardu, kuma dole su zo ɗaya a ko'ina. Motocin Amurka da suka cika kasuwannin Afirka ta Yamma, da yawansu daga gwanjon kamfanonin inshora suke, irin su Copart da IAA, inda ake sayar da waɗanda suka yi haɗari ko ruwa ya ci. Guguwar Harvey kaɗai ta nutsar da ɗaruruwan dubban motoci a yankin Houston a 2017. Da wannan lamba da ƴan kuɗi kaɗan ana iya samun tarihin motar a intanet, wani lokaci har da hotunanta ranar da aka yi gwanjonta, kafin mai gyaran jiki ya shafe tabon. Beljiyam na da tsarin Car-Pass da ke rubuta kilomitar mota duk lokacin da ta shiga gareji, don haka mai ƴar Beljiyam da ya ce ba ta yi tafiya ba, ana iya ce masa ya nuna. Binciken da hukumar sa ido ta ƙasar Holan ta yi a kan motocin da ke barin tashoshinta zuwa Afirka, wanda ya fito a 2020, ya gano cewa mafi yawansu shekarunsu 16 zuwa 20, kuma ba su da takardar shaidar lafiya mai aiki lokacin fitarsu. Ga kuma sata: a 2025 hukumar Interpol ta sanar da gano motocin sata kimanin 150 a wani samame a ƙasashen Afirka ta Yamma, akasarinsu daga Kanada. Duk wannan bincike ana yinsa ne a zaune, da hoton lamba da aka turo ta WhatsApp. Mai motar da ya ƙi turo lambar shasi ya riga ya ba da amsa.

Zaɓen irin mota bai kamata ya ɗauki dogon lokaci ba, domin garin ya riga ya yi zaɓen. Ba don ado tasi masu jan kai na Yamai suka zama kusan duka Toyota ba. Kayan gyaransu na nan a Katako da shagunan unguwa, kowane makaniki ya san cikinsu, suna kuma jure zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, da ƙurar hunturu, da yashin unguwannin da kwalta ba ta kai ba, da ruwan da ke kwanciya a tituna da damina. Motar da kayanta sai an yo oda, a lokacin da hanyar kaya ta yi tsawo haka, tana iya yin wata a gareji saboda ƙarfe ɗaya. Shan mai ma abin lissafi ne: an rage litar fetur zuwa sefa 499 a Yulin 2024, amma ƙarancin man da aka yi a Maris na 2025 ya nuna cewa matatar SORAZ ta Zinder ba ta wadatar da ƙasar, musamman tun da cire tallafin mai a Najeriya a 2023 ya rage na ƴan ruwa-ruwa. Mutum ya tsayar da iri biyu ko uku, da shekarun ƙira da zai karɓa, ya faɗa wa dillalai haka a fili. Sannan ya nemi makanikinsa na kansa, wanda ba abokin mai motar ba, ya biya shi ladan dubawa ko an saya ko ba a saya ba, ya kuma nemi a tayar da injin da safe yana sanyi, a ɗaga motar a duba ƙasanta, a sa mata na'urar kwamfuta.

Za a ce, ai sauri ya haifi nawa, kuma mota ba tumatir ba ce da za a saya a tsaye. Gaskiya ne, amma a duba wane ne ke yin gaggawar da ke cutarwa. Masanin tattalin arziki George Akerlof, wanda ya sami kyautar Nobel a 2001, ya gina shahararriyar maƙalarsa ta 1970 a kan kasuwar motocin hannu: mai sayarwa ya san aibin kayansa, mai saye bai sani ba, kuma wannan giɓi ne ke lalata kasuwar. Daɗewa ana zarya ba ya cike giɓin. Mutumin da ya yi wata uku yana zagaya mota yana buga taya da ƙafa bai fi ranar farko sanin cikinta ba. Abin da ya ƙaru kawai shi ne gajiyarsa da sanin da dillalai suka yi wa rauninsa. Shi ne wanda in aka ce masa, “Alhaji, wani ya ce zai kawo kafin alƙalami da la'asar,” zai ruɗe ya biya. Mai shiri kuwa wannan magana ba ta motsa shi, domin yana da mota ta biyu da ta uku a lissafinsa, kuma abin da zai duba sananne ne, awa biyu sun isa.

Wasu kuma za su ce duk wannan bincike rashin yarda ne, alhali kasuwancinmu a kan amana ya ginu: akwai ɗan'uwa a Lome, akwai dillalin da ya saya wa mahaifinka mota. Ba na raina wannan. Amana ce ta riƙe fataucin Hausawa daga Kano zuwa Gwanja tun kafin a san banki, kuma dillali nagari yana rage wa mutum wahalar makonni. Sai dai shi kansa dillalin kirki bai ga motar a Brussels ko Houston ba. Abin da aka faɗa masa yake faɗa. Kuma ladansa na fitowa ne in an yi ciniki, wani lokaci daga ɓangarori biyu, abin da ya kamata a yi maganarsa tun farko a san nawa ne kuma wa zai biya. Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Yamai, daga Risala zuwa sama, ya haramta ɓoye aibin kaya, ya kuma ba mai saye damar mayarwa in ya gano aibin da aka rufe masa. Amma wannan dama tana buƙatar shaida: me aka faɗa, me aka yi alkawari, wa ya ji. Takardar sayarwa mai ɗauke da lambar shasi da farashi da sharuɗɗa, da shaidu, da hatimin hukuma, ita ke hana zumunci lalacewa ranar da giya ta fara ƙara. Tura miliyoyi ga ɗan'uwa a bakin teku ba tare da lamba ko hoto ko rubutu ba cinikin biri a sama ne, kuma shi ɗan'uwan aka fi jefawa cikin wahala, domin shi za a zarga.

Akwai masu cewa a dakata, hanyoyi za su daidaita, farashi zai sauko. Mai yiwuwa ne, kuma wanda ba ya cikin matsi yana da hujjar jira. Amma jira da shiri ba sa karo da juna. In farashi ya faɗi, wanda kuɗinsa ke kusa kuma ya san abin da yake so shi zai fara cin moriya, kafin kasuwa ta farga ta daidaita kanta.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne cewa ana ɗora wa talaka aikin hukuma. Me ya sa malamin makaranta zai zama ɗan sanda da jami'in duwan da injiniya kafin ya mallaki Corolla mai shekara 15? Wannan ƙorafi daidai ne, kuma ban ga amsar da za ta rushe shi ba. Wasu ƙasashe sun ɗauki mataki daga sama: Kodebuwa ta ƙayyade shekara 5 ga ƙananan motocin da ake shigowa da su tun 2018, ECOWAS kuma ta amince da ƙa'idojin hayaƙi da na shekarun mota a 2020, kafin Nijar da Mali da Burkina Faso su kammala ficewa daga cikinta a Janairun 2025. Ƙayyade shekaru yana da tasa illar a ƙasar da mafi yawan mutane ba za su iya sayen mota mai shekara 5 ba. Abin da ya fi dacewa da Yamai, kuma bai kai wannan tsada ba, shi ne a buɗe wa jama'a abin da hukuma ta riga ta sani. Duwan na rubuta kowace mota da ta shigo a kwamfuta, ofishin rajista na da sunan mai ita, ƴan sanda na da jerin na sata. Da za a ba mai saye hanyar tura lambar shasi ta waya ya sami amsa a kan abu uku, an biya duwan ko ba a biya ba, sunan wa ke kanta, ana nemanta ko ba a nema, da rabin zaryar da ake yi ta ƙare. Da za a liƙa jadawalin kuɗin fito da na sauya suna a inda kowa zai gani, da Hausa da Zabarmanci ba da Faransanci kaɗai ba, da mai saye ya iya yin lissafinsa a gida ba sai ya dogara da bakin ɗan kamasho ba. Ƙungiyoyin masu shigo da motoci su ma suna da riba a ciki, domin ɗan kasuwar da motarsa ke da tsabta shi ke asara a duk lokacin da mai saye ya kasa bambanta ta da ta maƙwabcinsa, ya taya su kuɗi ɗaya.